Ranar da Na Buɗe Amanar Wanka

Ku da kuka karɓi tsintsiyata a asibitin nan na Gadarif, har yau ban manta da ranar da Nafisa ta shigo ɗakin mata ba. Lokacin kaka ne, manyan motoci na ta shigowa da dawa daga Doka. A lokacin ni farrasha ce a nan, mai shara da gyaran gado. A ƙauyenmu kuwa ni ke wanke mata idan sun rasu, kuma ƙa'idar wankan ɗaya ce: abin da ka gani a jikin mamaci, da shi za ka shiga kabari.

Nafisa 'yar ƙauyenmu ce, ba ta kai talatin ba, cikinta yana ta kumbura. Daktora, wato likita mace, ta tambaye ta, "A danginku akwai wadda ta yi ciwon daji, na nono ko na gidan ƙwai?"

Ta ce, "Babu. Uwata lafiyarta lau."

Daktora ta soma rubuta maganin hanji. Ina tsaye da bokiti, sai ƙanshin kafur da ganyen magarya ya taso mini, alhali babu su a ɗakin. A zuci na sake ganin kakarta ta wajen uba a kan tabarmar wanka, ciki kamar tulu, hannaye kamar kara. Na ga babbar gwaggonta, ita ma haka. Na ga ƙaramar, da miki a nono wanda ko mijinta bai sani ba. Duk an ce iska ce.

Na bi daktora waje. "'Yata, ciwon mata yana bin jinin namiji?"

"Yana bi, Hajja. Uba kan ɗauke shi bai sani ba, ya miƙa wa 'yarsa. Me kika sani?"

Na ajiye bokitin. Na roƙi gafarar matan nan uku a zuciyata, sannan na faɗa.

Ta yage takardar, ta tura Nafisa hoton ciki a ranar. An ga ƙari a cikinta, an cire shi tun bai yaɗu ba. Ƙannenta mata ma ana duba su yanzu.

Ku riƙe sirrin mutane, shi ne rabin aikinmu. Amma na gane akwai amanar da matattu ke bari don a kai wa rayayyu.

Bara Nafisa ta kawo mini riɗi cikin ƙwarya. Ta ce, "Hajja, wa ya gaya wa daktora?"

Na ce, "Kakarki da gwaggonninki."