Kwamfutar da Na Naɗe a Bargo

Abubuwa da yawa na bari sun wuce a rayuwata, don ba ni da lokacin riƙe su. Amma maganar kwamfutar da na aiko daga Jidda, ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina, ita kam ba zan manta da ita ba.

Aikatau na yi a can, shekaru masu yawa. Wata tsohuwa nake jinya. In ɗaga ta, in wanke ta, in ba ta abinci a baki, sannan in bi banɗakunan gidan da ruwan wanki mai cin hannu. Mijina ya rasu ya bar mani ɗiya guda, kuma ita ce dalilin tafiyata. Ni ban yi boko ba, na ce ita sai ta yi. Na bar ta a gidanmu na Ƙofar Guga, hannun yayana, kuma ban taɓa bar masa nauyinta ba.

Karatun kwamfuta take yi, ta kai shekarar ƙarshe, amma ba ta da kwamfuta. Layi take bi a shagunan da ake haya, ta yi ɗan abin da ta samu a tashe ta. Ga kuma babban aikin da ake ba su, wanda in ba a gama shi ba babu takardar shaida.

Ana nan tsohuwar ta rasu, aikina ya ƙare. Babban ɗanta ya kira ni ya ce in faɗi abin da nake so na sallama. Na san sarƙa yake jira in ce. Na nuna masa kwamfutarsa, irin wadda ake ninkewa, da ya ajiye a saman kabad tunda ya sayi sabuwa. Ni nake goge mata ƙura kullum. Ya yi dariya, ya miƙo mani ita da cajarta.

Takardun fitata suka ƙi fitowa da wuri, aikin yarinya kuma ba ya jira. Sai na nufi wurin masu kago, 'yan uwanmu Hausawa da ke aika kaya gida. Mai shagon ya ɗaga ta ya juya.

"Hajiya, kwalin nan jifa ake da shi, ba lallaɓawa ba. Ki naɗe ta a bargo in kina son ta kai da ranta."

Na sayi bargo sabo mai kauri, na naɗe ta, na ɗaure, na sa a tsakiyar kwali. Na kewaye da dabino da abayoyi da jallabiyoyi da turare, tsarabar mutanen gida. Da ya tambayi sunan da zai rubuta, na ba shi na Yaya. Haka muka tashi muka gani: kaya ba sa shiga gida da sunan yarinya alhali maigida na zaune. Na kira ɗiyata na ce mata abin da ke cikin bargon nata ne.

Bayan wani lokaci na sake kira. Ta ce kaya sun iso. Na ce kwamfutar fa? Ta ce, "Ta iso lafiya, Inna." Ba ƙarya ta yi mani ba. Ta dai tsaya a inda gaskiyar ba za ta hana ni barci ba.

Sai da na yi watanni sannan na dawo Katsina. Da masu sannu da zuwa suka ragu, na ce ta ɗauko in ga yadda take aiki da ita. Ta sunkuyar da kai. Na maimaita. Nan ta fara ba ni labari.

Ashe ranar da kwali ya iso, a tsakar gida Yaya ya yanka shi, ya yi rabon tsaraba kamar yadda aka saba. Bargo ya faɗa hannun matarsa. Ta shiga ɗaki ta warware, kwamfuta ta zamo kan katifa, sai ta rangaɗa guɗa. Ɗiyata ta matsa ta ce a hankali, ai Inna ta ce tata ce. Aka ce mata cikin bargon wa ta fito? Shi ke nan. Suka ba babban ɗansu, magidanci da gemunsa, ya kafa tebur a wajen Ƙofar Kaura yana tura wa mutane finafinai da waƙoƙi a waya.

Ba wannan ne ya fi ƙona mani rai ba. Yarinyar nan takan taka har can ta roƙi aron abinta. In babu mai saye ya ba ta, ta zauna a gefen benci ta yi rubutu. Ta kusa rabin aikin makarantar, wata rana ta je ta tarar babu komai. Ya goge. Wai wuri ya cika, an kawo sababbin finafinai.

Ban ko cire hijabi ba na fita zaure. Yaya na zaune yana cin dabinona.

"Yaya, ina kwamfutar yarinyar nan?"

"Ke daga dawowa? Ki huta mana. Ai abin gida guda ne."

"In na gida guda ne, me ya sa mai shi ke aro?"

Ya tofar da ƙwallon dabino. "Ita fa mace ce, gobe ta yi aure ta kwashe ta kai gidan wani. Shi ko iyali shike ciyarwa da ita. Kuma sunana ne a jikin kwalin, ko ba shi ba?"

Na miƙa masa hannuwana biyu har gaban fuskarsa. Duk sun tsage, faratan sun mutu. Na ce, "Sunanka na kan kwali. Nawa ga inda yake." Bai kalla ba. Matarsa daga bayan labule take cewa wanda ya sha ruwan waje dama raina mutane yake yi. Na juya na fita. Na sha zagi da Larabci, na Hausa ba zai kashe ni ba.

Na tari ɗan acaɓa sai Ƙofar Kaura. Na hango teburin, matasa sun kewaye shi, waƙa na tashi. Yana ganina ya miƙe da fara'a.

"A'a, Goggon Makka! Saukar yaushe? Ina tsarabata?"

"Ka ci taka da ta wasu," na ce. Na rufe kwamfutar, na zare wayoyin da ke jikinta na miƙa wa masu su, na naɗe caja.

"Haba Goggo, aikin mutane nike! Abincina ne fa!"

"Aikin ƙanwarka da ka goge, na dabbobi ne?"

Wani daga cikin matasan ya tuntsire da dariya. Na sa abata a cikin hijabi na juya. Bai biyo ni ba, kuma ya yi wa kansa gata.

A satin na kama mana ɗaki muka bar gidan. Dangi suka yi ta zarya, kowa da haƙurin da ya kawo mani, wai na kunyata babba, wai na raba zumunci a kan ƙarfe. Ko mutum ɗaya bai taka ya ce wa Yaya bai kyauta ba. Matarsa ta aiko mani da bargon cikin fushi. Na mayar. Na ce wannan kam rabonta ne, ta lulluɓa.

Ɗiyata ta sake aikin daga farko. Ba ta gama da sa'o'inta ba, sai da na bayansu. Ina gani aka yi ta walimar ƙawayenta, tana zuwa taya su murna ta dawo ta zauna gaban kwamfuta. Wannan shekarar da ta rasa, babu wanda ya biya ta. Yanzu tana aiki, ita ke riƙe da ni. Ni da Yaya kuwa sai a wurin gaisuwar mutuwa muke haɗuwa, mu gaisa a tsaye.

Abin da na koya ba shi da yawa. Kunya da girmama na gaba abu ne mai kyau, amma ba a naɗe haƙƙin marainiya a cikinsu a aika. Duk abin da ka yi wa wahala don wani, ka rubuta sunan mai shi ɓaro-ɓaro, ka kuma faɗa da bakinka kowa ya ji, ko da mai shi ita ce ƙaramar gida. Wanda zai ji haushi ya ji tun ranar, ya fi sauƙi.