Kalmar Da Na Ƙara A Bakin Yarinya

A farkon shekarun dubu biyu, ban daɗe da kammala karatun shari'a ba, na samu aikin rubuta bayanan shaidu a wata kotu a ƙasar Zuru. Ni ɗan manoma ne. Na taso ina ganin shanu suna cinye mana dawa, kuma ban taɓa tambayar kaina abin da hakan ya bari a zuciyata ba.

Wata rana aka kawo ƙarar fyaɗen da aka yi wa wata yarinya a hanyar rafi, wajen Bena. Wanda ake tuhuma makiyayi ne mai aure, saboda haka in laifin ya tabbata, hukuncin yana iya kaiwa ga kisa. Yarinyar ta ce mutumin ya rufe fuskarsa da ƙyalle, malfa da sanda kawai ta gani. Da na zo kwafe bayanin a takardar kotu, sai na rubuta cewa Bafulatani ta gani, da malfa da sanda. Babu wanda ya sa ni.

Bayan mako biyu, ko uku, ban tabbatar ba, na je gona na tarar da babana: malfa a ka, sanda a jingine da itace. Haka maƙwabtanmu duka. Na koma na buɗe littafin da na fara rubuta bayanin yarinyar a ciki. Kalmar Bafulatani ba ta nan.

Na samu alƙali a ofishinsa na gaya masa, ina jiran kora. Sai ya ce da ya san a jami'a ana koyar da gane ƙabilar mutum ta bayan ƙyalle, da shi ma ya nemi shiga. Ya sa aka sake kiran yarinyar, ta maimaita maganarta ta farko ba ƙari. Da aka rasa wata hujja, aka sallami makiyayin ya koma wurin iyalinsa. Alƙalin bai kore ni ba, sai dai ya kafa ƙa'idar karanta wa kowane shaida bayaninsa kafin ya dangwala yatsa.

Mutum biyu na zalunta: wanda ya kusa rasa ransa, da yarinyar da na kawar da idon masu bincike daga wanda ya cuce ta. Ina roƙon duk mai riƙe alƙalami a kotu ya rubuta abin da kunnensa ya ji kawai. Ni na samu damar gyarawa tun mutumin yana da rai, ba kowa ke samunta ba.