Gammon Gwaggo

A zamanin Nasara, shekarar da ake zuba marmara a hanyar Magariya zuwa Bande, kowane gida sai ya ba da namiji ɗaya don aikin tilas. Gidanmu maza biyu ne, ni da Baba, shi kuwa tari ya riga ya cinye shi. Ni na tafi.

Kwana goma ina ɗaukar kwandon marmara, wuyana ya ƙage. Wata jijiya ta ɗaure daga bayan kunnena har allon kafaɗa, ta yi tauri kamar igiyar guga. Ko sallamar salla sai na juya da jikina duka. Aka sallamo ni gida kwana uku, dogari ya ce in ban koma ba Baba zai maye gurbina. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Wanzami ya yi mini ƙaho, na sha rubutu, ciwo yana nan daram. Sai Gwaggo, yayar Baba, wadda ta tsufa tana ɗauko ruwa daga rijiya, ta cika kwando da ƙasa ta ce, "Ɗauka in gani."

Na ɗauka, na yi taku biyar. Ta kwashe da dariya.

"Wa kake gaisarwa da kaya a ka?"

"Gwaggo, gardi mai tsaron aikin ba ya son a dube shi."

"To shi ya sa. Ka sunkuyar da kai, ka maƙale kafaɗa ɗaya wuni guda, naman wuya ne ke ɗaukar kayan. Kaya ba ya son ladabi, ɗana. Miƙe!"

Ta yaga tsohon zanenta ta naɗa mini gammo mai kauri, ta aza shi tsakiyar kaina, ta ce in riƙa sauya hannu. Safe da yamma tana gasa mini wurin da tsumma mai ɗumi, tana murza shi da man shanu har sai na yi ƙara. Ba ta da tausayi a yatsu, Allah Ya jiƙanta.

Na koma bakin aiki kaina a miƙe. Sau biyu gardi ya tsula mini bulala wai na cika kallon mutane, na shanye, don bulala kwana biyu take ta warke. Na cika kwanakina, ciwon bai rabu da ni sarai ba, har yau yakan motsa da damina. Amma ina gode wa Allah, ina gode wa tsohuwar nan. Baba ya ƙara shekara huɗu a duniya, a inuwar zaurensa, bai taɓa sanin inda ramin marmarar yake ba.