Muryar da ta kira ni daga ƙetaren titi

Jiya maƙwabciyata ta dawo daga Kwoi, ta kawo mini ɗanyar citta. Ina tsaga ta ƙamshin ya bugi hancina, sai na tsaya da wuƙa a hannu har miyata ta kusa ƙonewa. Bari in gaya muku inda ya kai ni.

A ƙauyenmu, da ruwa ya ɗauke ake haƙar citta. Mata su zauna su tsaga ta biyu, a shanya. Mai dutse mai faɗi kusa da gida ya shanya a kan dutse. Mu ba mu da shi, sai gefen kwalta. Aikin yara shi ne juya ta da korar awaki kada su tattake. Lokacin kuma yakan zo daidai da gabatowar Kirsimeti, sa'ad da motoci suka fi yawa: na masu sayen citta, da na masu dawowa gida hutu, kowa yana sauri. Titin namu daga tudu yake gangarowa, ya yi kwana a bayan wani ƙaton dutse. Ba ka ganin mota sai ta iso kanka.

Ina aji uku a firamare. Ran nan mamata da babana sun tafi gonar ƙetare tun da safe, aka bar ni da kakata, uwar babana. Tana gindin mangwaro tana tsaga citta. Idonta ya fara rauni, amma wuƙar ba ta taɓa yankarta ba.

Rana ta take tsaka. Abin da na fi tunawa shi ne shirun. Tsuntsaye suka daina kuka, awaki suka kwanta. A ƙetaren titi doguwar ciyawa ce busasshiya, da 'yar hanyar da ke bi zuwa gona. Babu iska, amma a wuri guda ciyawar tana motsi.

Sai na ji an kira sunana. Muryar mamata ce. Ba kama ba, ita ce, har da yadda take jan ƙarshen sunan in ta gaji.

"Zo ki karɓi kayan nan. Yi sauri."

Na duba, ban ga kowa ba. Na ce ciyawa ce ta rufe ta.

"Zo mana, 'yata. Rugo."

A gidanmu ba a barin uwa ta yi kira sau uku. Na tsallake cittar, na sa ƙafa a kan kwalta.

Har yau ban san yadda kakata ta taso ba, tsohuwar da sai ta dafa ƙasa take miƙewa. Na dai ji an damƙi rigata ta baya an fizge ni, muka faɗi tare cikin citta. Babbar mota ta fito daga kwanar, ba ta ko danna hon ba, ta wuce mu da iska mai zafi. Silifas ɗina ɗaya ya rage a kan titi, taya ta bi ta kansa.

"Ina za ki?" in ji kakata, tana haki.

"Mama ce ke kira."

Ta juya ga ciyawar, ta daɗe tana kallo. Ita ba ta ji komai ba.

"Da wane yare ta kira ki?"

"Da Hausa."

"Tun da aka haife ki, uwarki ta taɓa kiranki da Hausa?"

A wurinmu Hausa ta kasuwa ce, da coci, da makaranta. Da yarenmu mamata take yi mini faɗa, da shi take yi mini waƙa, da shi ma muke wannan maganar da kakata. Ba ta taɓa kirana da Hausa ba. Kakata ta riƙe wuyan hannuna gam, ta yi addu'a cikin sunan Yesu, murya ƙasa-ƙasa. Ranar ce kaɗai na ga ta yi addu'a ido a buɗe.

Da yamma mamata ta fito ta wannan 'yar hanyar da daron citta a kai. Ta ce ba ta bar gona ba ko sau ɗaya. Da ta ji labarin sai ta sauke daron, ta zauna a ƙasa, ta riƙa shafa kaina da ƙafafuna. Babana ya ce wataƙila wata mai wucewa ce ke kiran 'yarta. Kakata ba ta musa masa ba. Ta ce kawai daga yau babu mai kiran yaro daga ƙetaren titi a gidan nan, babba ya tsallaka ya kama hannunsa. Washegari aka kwashe cittar zuwa tsakar gida. Ta daɗe ba ta bushe ba, launinta ma bai yi kyau ba, amma ba wanda ya yi ƙorafi.

Ban ce mugun ruhu ne ba, ban kuma ce ba shi ba ne. Ubangiji ne ya sani.

Yanzu a Kafanchan nake. Makarantar yarana tana ƙetaren babban titi, ga 'yan acaba, ga keke, ga tireloli. Mijina ɗan wani yare ne, don haka Hausa muke yi a gida, yaran ba su iya nawa ba sai gaisuwa. Ran da na ba su labarin nan, autata ta ce, "To Mama, mu da me za mu gane?"

Na ce musu, "In kun ji muryata daga ƙetare, ko da kuka nake yi, ku tsaya inda kuke. Ni ba na kira. Zuwa nake yi."