Shan Shayi a Bayan Bangon Harbi

Asubar fari muka bar Kano, ni da wani maƙwabcin shagona na Kantin Kwari wanda ya taɓa zuwa ƙasar Sin. Shi sarin kaya zai kai shi. Ni ma haka na gaya wa mutane, amma gaskiyar magana aiken Hajiyarmu ne: in je in taho mata da autanta, ko yana so ko ba ya so.

Autan namu ya gama karatun gine-gine a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, maimakon ya dawo sai ya tsaya wai yana koyon aiki. Ana nan sai wani ɗan kasuwa ya dawo daga can, ya zo gaishe da Hajiya. Yana cin tuwonta yana ba ta labarin ya ga ɗanta da idonsa a wani tsohon gida ana shigar da akwatunan bindigogi, shi kuma yana nuna inda za a ajiye. A wurinmu kuwa, mai hulɗa da bindiga in ba soja ko ɗan sanda ko maharbi ba ne, an san sunansa. Tun daga ranar Hajiya ta daina cin abincin kirki.

Hanyar ba ta wasa ba ce. Mota ta kai mu Legas duk gaɓoɓinmu sun kwance, jirgi ya ɗauke mu ya yada zango a Adis Ababa, muka sauka Hong Kong, sannan jirgin ƙasa ya ƙarasa da mu. Abin da ya fara tarbata a Guangzhou zafi ne, amma ba irin namu ba, jiƙaƙƙe ne, ka wanke riga ka shanya ta kwana tana nan da danshinta. Kekuna da babura kamar an yi ɓarinsu a titi. Duk inda ka ɗaga kai gini ake yi, ma'aikata na hawa tsanin gora har hawa goma ko a jikinsu.

A unguwar Sanyuanli muka sauka, kusa da wasu Musulmi 'yan ƙasar masu sayar da gurasa da tsire. Gurasar kam ba ta kai ta Jakara ba, amma ga araha, kuma yunwa ba ta san ƙabilanci ba. Kalma biyu na fara koya: "loban", wato mai gida, da "meyo", wato babu. Ta biyun na fi ji, domin duk shagon da na tambayi yaji mai daddawa ita ake ba ni.

Washegari autan ya zo. Ya rame, ya yi duhu, hannunsa duk kanta. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Yaya, Hajiya ce ta turo ka ko?"

Na ce, "Tunda ka sani, haɗa kayanka."

Ya ce, "Ka ga wurin tukuna. In ka gani ka ce in haɗa, wallahi zan haɗa."

Ya kai ni Liwan, tsohon gari, inda lunguna suka matse kamar na cikin birni. Gidan tsohon sito ne na ganyen shayi, dogo ƙwarai, an gina shi da jan bulo da ya koma toka-toka don tsufa. Shi ake mayarwa wurin wasan harbi. Ashe a can harbi wasa ne kamar ƙwallo: a kafa takarda mai baƙin zagaye a nesa, kowa ya auna, wanda ya fi kusa da tsakiya ya ci. Bindigogin suna kulle a ɗakin ƙarfe da izinin hukuma, ba mai fita da ko kwanson harsashi.

Na bi shi yana nuna mini aiki. Sun toshe tagogi, sun sa fankoki masu zuƙe hayaƙi, sun lulluɓe bango da wani allo mai laushi mai shanye ƙara. Bangon ƙarshe, inda harsashi ke zuwa ya mutu, shi aka damƙa masa. Ya jera kauraran katakai, bayansu yashi, bayan yashin farantin ƙarfe a karkace, sannan tsohon bulo. Ina tsaye ma'aikata na zuwa suna tambayarsa, yana amsa musu da yarensu ba ko gargada. Yaron da na sha goyawa zuwa makarantar allo! Na ji kaina ya kumbura, amma na ɗaure fuska, don ba yabo aka aiko ni ba.

Sai dai akwai matsala. Bayan wannan bangon shagon wani tsoho ne mai aski, a nan yake sana'a, a nan yake kwana. Hukuma ta zo ta gwada bango ta amince, tsoho ya ce shi ba da hukuma yake kwana a ɗakin ba. Kullum da safe sai ya ɗauko kujerarsa ya dasa a ƙofar siton, tsofaffin unguwa su taya shi zama. Loban ya yi lallashi har ya gaji. In unguwa ba ta yarda ba, ba ranar buɗewa. Ni dai ban ga laifin tsohon ba, ko ni ne abin da zan yi ke nan.

A gabana autan ya je ya rusuna wa tsohon, suka yi magana mai tsawo. Da muka fito na tambaye shi me ya ce. Ya ce ya gaya masa gobe za a yi harbi, shi kuma zai zauna a cikin shagon, bayansa jingine da bangon, har a gama.

Na ce, "Kana da hankali kuwa?"

Ya ce, "Yaya, ka manta Baba? In ya gama soro, ai a ciki yake kwana ranar ruwan farko kafin masu gida su tare."

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, magini ne. Ban manta ba. Na dai ɗauka boko ya wanke wannan daga kan yaron. Sai na juya ina kallon kekuna don kada ya ga idona.

Washegari da hantsi muka shiga shagon. Auta ya jingina da bango, ni ma na ja kujera na jingina kusa da shi. Kada ku ɗauka jarumtaka ce. Lissafi na yi, na ga in wani abu zai same shi gara ya same mu tare da in koma in tsaya gaban Hajiya. Tsoho ya zuba mana shayinsu, ruwan zafi da ganye ba madara ba sukari, ya fice titi ya tsaya can nesa tare da jama'arsa. Na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

Aka fara. Abin da muka ji bai wuce a ce ana bugun shadda a wata unguwa ba. Shayin da ke cikin kofi ko motsi bai yi ba. Can tsoho ya leƙo, ya shigo, ya kafa kunne a bango ya daɗe. Sai ya kalli gemuna ya girgiza kai, ya nuna mini kujerar aski. Haka ya ɗora mini aska a maƙogwaro ana ta harbi a bayanmu, hannunsa ko gezau, tsofaffin unguwa sun cika ƙofa suna dariya. Wallahi na fi jin tsoron askar. Da ya gama ya ƙi karɓar ko sisi, ya fita da kansa ya ɗauke kujerarsa daga ƙofar siton.

Ban ce wa auta ya haɗa kaya ba. Na bi maƙwabcina kasuwar Shahe muka yi sarin riguna, muka kamo hanya. Tafiyar nan ta koya mini cewa mai kawo labari bai cika yin ƙarya ba, rabin abu yake gani ya taho da gudu. Na kuma gane gado ba sai da laka da azara ba.

Na iso gida ni kaɗai. Hajiya ta dubi bayana ta ce, "Ina yake?" Na zauna na kwashe komai na gaya mata. Har na fara neman hanyar ba da haƙuri. Sai ta ce, "Da kansa ya jingina?" Na ce da kansa. Ta goge ido da gefen mayafi ta ce, "A bar shi ya gama wa mutane aikinsu." Sannan ta harare ni: "Kai kuma wa ya aike ka zama a wurin?"

Da la'asar ina alwala na jiyo muryarta ta katanga, tana gaya wa maƙwabciya da ƙarfi yadda duk layin zai ji: "Autana ai magini ne. A ƙasar Sin."