Layin da Meme Toini Ta Ƙi Cikewa

Meme Toini yayar mahaifiyata ce, a hannunta na tashi, a ƙauyenmu da ke gabas da garin Ondangwa. A wurinmu "Meme" ake kiran uwa, "Tate" kuma uba. Mijinta ya shekara ashirin yana aiki a kamfanin kifi a bakin teku, sau ɗaya yake leƙo gida a shekara, har ya rasu a can. Ita ta riƙe gonar gero, ta reni 'ya'yanta huɗu da mu biyu na ƙanwarta. In an gama girbi sai ta tanƙwashe ƙafa a kan tabarma tana saƙar faifai da kwando da kaba, tana rera waƙoƙin coci ƙasa-ƙasa. Ni nake rubuta mata wasiƙu tun ina aji uku na sakandare, kuma gwangwanin takardun gidanmu a wurina yake.

Wata Asabar cikin damina, maƙwabcinmu Tate Vilho ya rage mata hanya zuwa kasuwa a tsohuwar a-kori-kurarsa. Tare suka yi makarantar mishan, sun fi shekara hamsin suna tsokanar juna. Jaki ya faɗo titi, Tate Vilho ya kauce masa, motar ta gangara rami ta kife. Shi goshinsa kawai ya fashe. Ita ƙashin cinyarta ya karye, gwiwa ta bugu.

An sa mata ƙarfe, cinya ta haɗe, amma gwiwar ta sandare. Likita ya ce sai an sake wani aikin a Windhoek, babban birninmu, sannan a yi watanni ana gashi. Ranar sallama wata nas ta ba ni takarda. Ta ce akwai asusun da ake tarawa daga kuɗin man fetur, yana ɗaukar jinyar wanda ya ji rauni a hanya ba tare da an jira gano mai laifi ba, amma dole a kai takardar kafin shekara ta zagayo.

Na zauna ina karanta wa Meme ina cikewa, har muka zo layin sunan direba da lambar mota.

"Ajiye biron nan, Ndilimeke," ta ce mini.

"Meme, ba ƙara ba ce."

"Takardar da za a rubuta sunan mutum a kai wa hukuma, me ake kiranta a makarantarku?"

A wurinmu, wanda ya zubar da jinin wani, ko da bisa tsautsayi ne, in wanda aka ji wa ciwo ya ambaci sunansa gaban dagaci, to shanu ne za su fita daga garken danginsa. Tate Vilho kuwa shanun huɗa biyu gare shi, su suke nome gonarsa da ta gwauraye uku. Meme ta ce ba da bakinta za a raba shi da su ba, mutumin da ya ɗauke ta kyauta. Na yi bayani har na gaji. Na kawo malamar makaranta ta maimaita. Meme ta saurara da ladabi, ta ba ta kunun gero, ta ce in mayar da takardar cikin gwangwani.

Wata goma muka yi a haka. Ba ta iya zama a ƙasa, sai a kan kujera, ƙafar a miƙe kamar taɓarya. Ta daina saƙa, don ta ce a kujera hannunta ba ya gane kaba. Tate Vilho kuma bai taka gidanmu ba ko sau ɗaya. In ya hango ni a bakin famfo sai ya canza hanya.

Ran nan da hantsi muka ji kukan sa a ƙofar shinge. Tate Vilho ne, sanye da kwat ɗin zuwa coci, riƙe da igiyar baƙin sansa. Ya rame sosai.

"Meme Toini, na jira sammaci har na gaji. Ga shi nan, ki karɓa in samu barci."

"Dubi wannan tsoho. Ka kasa kauce wa jaki, yanzu kuma sa za ka shigo mini da shi ya tattake wake?"

"Ai na kauce wa jakin."

"Ka kauce kam. Yana can yana cin ciyawa, ni ga ni nan."

Ya yi ɗan murmushi, idonsa na kan ƙafar. Na shiga ɗaki na ɗauko takardar ba tare da na nemi izini ba, na karanta masa tun daga farko, na nuna masa layin da ya rage. Na gaya masa saura mako bakwai wa'adin ya cika.

"Wannan ne ya hana a gyara ƙafar?" ya tambaye ta.

"Ban ambaci sunanka ba, kuma ba zan ambata ba."

"To, riƙe bakinki. Ndilimeke, ba ni biro."

Ya ɗora takardar a cinyarsa, ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, ya sa lambar motar. Meme ta tambaye ni ko da gaske babu mai zuwa garkensa, na ce babu. Ta ce tunda shi ya faɗi sunansa da kansa, ita ba ruwanta, in kawo ta sa hannu. Sannan ta ce ya fitar mata da san nan, ya dawo ya ci tuwo.

Washegari ni da shi muka je ofishin 'yan sanda muka karɓo rahoton haɗarin, muka kai komai ofishin asusun da ke garin Ongwediva. Bayan wata biyu aka kira Meme Windhoek. Likitan ya ce da ta zo da wuri da gwiwar ta koma daidai. Yanzu rabi take lanƙwasuwa, kuma a nan za ta tsaya. Tana tafiya da sanda har coci, tana hutawa sau biyu a hanya.