Apa Sanobar da Fayil Biyu na Marziya

Kwamfutar kwalejinmu ta haɗe 'yan mata biyu ta mai da su mutum ɗaya, kuma duk manyan da ke hawa bene ba wanda ya yarda an yi kuskure. Ni Hoshim, mai hura wutar ɗumama ginin ne, aji huɗu na yi, amma na san biyu ba ɗaya ba ce. Apa Sanobar ma ta sani; Apa, wato Yaya, haka muke kiranta.

Shekara talatin da ɗaya tana ofishin rajistar ɗalibai a nan Dushanbe, babban birnin Tajikistan. Bakwai da rabi ta iso, ta kaɗe dusar ƙanƙara daga takalmi, ta dafa koren shayi, ta gutsura gurasa ta ajiye a bakin tebur don ɗalibin da ya fito bai karya ba. Fara'a kam ba ta da ita, kada in yi muku ƙarya.

Da aka kwashe sunayen ɗalibai aka zuba a kwamfuta, darakta ya ce a ƙone tsofaffin fayiloli. Na turo su a baro, na tarar da ita tsaye a bakin wuta.

"Hoshim, ka jefa takarda ɗaya, in jefa ka ka bi ta."

"Apa, umarnin darakta ne fa."

"Darakta ya san hanyar ɗakin kwal? Da wannan farin takalmin nasa? Jibge su can, ƙanena."

Bayan shekara biyu sai ga maganar Marziya. Daga Herat ta ƙasar Afghanistan ta zo koyon gina rumbun adana bayanai a kwamfuta. Takardarta ta gida ba sunan dangi, ba ranar haihuwa, sai shekara, don haka aka rubuta mata ɗaya ga Janairu, kamar yawancin 'yan ƙasarsu. Ashe akwai wata Marziya 'yar Kunduz, can ƙasarsu, sa'arta, da ta bar karatu tun shekarar farko. Tsarin da ɗan ƙanwar darakta ya haɗa kuwa da suna da ranar haihuwa kawai yake gane mutum.

Marziya ta gama, wani kamfani a Kuala Lumpur ta Malesiya ya ɗauke ta aiki, ya ba kwaleji kwana goma ta tabbatar da shaidarta. Kwamfuta ta ce ta bar makaranta. Izinin zamanta a watan zai ƙare. In aikin ya kuɓuce, sai ta koma gida, inda ake hana 'ya'ya mata aiki, ta ninke karatun shekara huɗu ta sa a akwati.

"Kwamfuta ba ta ƙarya, 'yata," in ji darakta.

Apa ta ce, "Ba ta yi, Mu'allim. Abin da ɗan ƙanwarka ya koya mata take maimaitawa."

Kwana uku tana tonon ɗakin kwal, ni ina riƙe mata fitila, tana zagina wai ba na haska mata daidai. Ta fito baƙa ƙirin da fayil biyu, hoto biyu, fuska biyu. Sannan ta yi abin da doka ta hana: ta tashi daga kujerarta ta zaunar da ɗaliba a gaban kwamfutar ofis.

"Ba wannan kika yi shekara huɗu kina koya ba? To nuna mini, kada ki tsaya kina mini kuka."

Kafin shayi ya huce yarinyar ta gano inda kuskuren yake, ta kuma zaƙulo wasu ɗalibai goma sha ɗaya da aka haɗiye haka.

Darakta ya ga fayilolin da ya ce a ƙone, ya ga asirin ɗan ƙanwarsa a shimfiɗe. Ya ce a bari kwamiti ya zauna bayan hutu. Ya ƙara da cewa duk wanda ya buga hatimi a takardar shaidar Marziya kafin nan, ya nemi ƙofa. Apa ta hura wa hatimin iska, ta danna a gabansa.

Ke ce dutse a bakin ƙofa, Apa. Ke ce kika ƙi a shafe 'yar mutane don a rufa wa ɗan gata asiri. Mun gode, ko da su ba su gode ba. Ku masu riƙe da hatimi da makulli a ofisoshi, in na'ura ta ce babu mutum alhali ga shi tsaye a gabanku, ku ɗaga kai ku dube shi.

Marziya tana can tana aikinta. An gyara tsarin shiru, ba a ambaci sunan kowa ba. Apa Sanobar kuwa, saura wata takwas ta yi ritaya aka sallame ta, ba walima, ba takardar yabo. Ni na rako ta har bakin titi, ɗauke da butar shayinta.